Wa Zai Ƙwanƙwasa Ƙofar Tsoho a Legas?

Wasiƙu uku ne suka zo wa wannan fili daga Legas a kan tsofaffi da masu son taimakonsu. Na haɗa su wuri guda, na kuma fi tsayawa a kan ta farko, domin ita ce ta ɗauko maganar daga tushe.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne haifaffen Agege, ina sana'ar fawa a mayankar Oko-Oba. Watan jiya wani dattijo da ya shekara da shekaru yana salla a sahun farko a masallacin layinmu ya rasu a ɗakinsa, ba a sani ba sai bayan kwana biyu, da maƙwabta suka ga ƙofa ta ƙi buɗuwa aka ɓalle ta. Dukkanmu mun lura ba ya fitowa, amma kowa ya ɗauka wani ya leƙa shi. Abin ya tsaya mana a rai, har mu goma sha ɗaya muka yi shawarar kafa ƙungiyar sa-kai domin kula da tsofaffin unguwarmu. A cikinmu akwai mahauta, da masu keke Napep, da ɗalibai biyu. Sai dai kanmu ya rabu: wasu na cewa mu fara yin rajista da gwamnati mu nemi tallafin masu hali, wasu na cewa mu jira azumi mu raba abinci. Ta ina ya kamata mu fara? Daga wani mai karatu a Agege.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah, ya sa can ta fi masa nan, ku kuma ya saka muku da alheri da ba ku bar abin ya wuce a matsayin labarin bakin masallaci ba. Amsar tambayarka tana cikin wasiƙarka, a inda ka ce kowa ya ɗauka wani ya leƙa shi. Abin da dattijon nan ya rasa shi ne mutum guda wanda aka kira sunansa aka ce da shi, "Wane, Baba yana hannunka." Da akwai wannan mutum, da tun sallar la'asar ta ranar farko an ƙwanƙwasa ƙofar. Don haka shawarata ita ce ku ajiye batun rajista da rabon azumi a gefe tukuna, ku fara da littafi da biro.

Kafin in zo kan littafin, yana da kyau ku san irin tsofaffin da za ku tarar. Hausawa sun daɗe a Agege, tun zamanin fataucin goro, kuma zamansu ya ƙara kafuwa a farkon ƙarnin da ya wuce lokacin da layin dogo ya haɗa Ikko, wato Legas, da Kano. Saboda haka akwai dattawan da suka gaji gidaje, suna da 'ya'ya da jikoki a kewaye da su, kuma waɗannan galibi da sauƙi. Amma akwai wani rukuni da ba a cika lissafawa da shi ba: mutumin da ya zo ci-rani yana saurayi da niyyar komawa kafin damina, ya kama gadi, ko dako a kasuwa, ko turin kurar ruwa, ko yankan farce, yau da gobe har shekara arba'in ta shuɗe. Duk abin da ya samu ya aika gida. Tsarin fansho na karo-karo da aka kafa a 2004 na masu albashi ne, shi kuwa ƙaramin tsarin da hukumar fansho ta fito da shi a 2019 domin masu sana'ar hannu ya zo ne bayan ƙarfinsa ya ƙare. Mai gidan haya yana son kuɗin shekara a dunƙule, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na magani suka fi ƙarfin aljihunsa. A ƙauye irin wannan tsoho yana zaune ne a zaure ko a gindin bishiya, duk mai wucewa sai ya gaishe shi. A Legas ɗaki ne ciki ɗaya a ƙarshen dogon lungu, kowa ya yi sammako ya fita neman abinci, ba ya dawowa sai dare. Ko wanda yake da ɗa a Ikorodu ko Sango Ota, cunkoson motoci kaɗai ya isa ya mayar da ziyarar mako ta koma ta wata-wata.

To, ku nemi limamin masallacinku da mai unguwa, ku kuma kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawa a san da zamanku, domin tsoho ba zai buɗe wa yaran da bai sani ba cikinsa, amma zai buɗe wa wanda liman ya gabatar. Daga nan ku bi gida-gida ku rubuta sunan kowane tsoho, da gidan da yake, da wanda yake kwana kusa da shi, da lambar wayar wani ɗan'uwansa ko a nan ko a Arewa, da ciwon da ke damunsa, da maganin da yake sha, da asibitin da katinsa yake. Kada zumuɗi ya sa ku rubuta mutum hamsin alhali ku goma sha ɗaya ne, domin da mugun rawa gwamma ƙin tashi. Ku fara da goma ko goma sha biyu waɗanda suka fi kowa rashin mai kula, ku ɗora kowane ɗaya a wuyan mutum biyu daga cikinku, ta yadda idan ɗaya ya yi tafiya ɗayan yana nan. Ku tsayar da ranar ziyara a kowane mako, sannan ku kafa doka guda wadda ba ta da sassauci: duk dattijon da ya saba fitowa masallaci aka rasa shi a salla biyu a jere, wanda yake hannunsa zai je ya ƙwanƙwasa kafin salla ta uku. Ku kuma tuna cewa tsofaffin mata ba a ganin fashinsu a sahu, kuma ba ku ne za ku shiga ɗakunansu ba, saboda haka tun ranar farko ku nemi iyayenku mata da matanku da malaman Islamiyya su riƙe nasu ɓangaren littafin.

Ita kanta ziyarar tana da ladabinta, kuma a nan zan faɗi kuskuren da na taɓa yi. Shekarun baya ina cikin wasu da suka haɗa kayan azumi domin tsofaffi. Muka jera su a kan benci a rana, muka riƙa miƙa leda ana ɗaukar hoto. Har yau ina ganin wata tsohuwa da ta ja mayafinta ta rufe fuskarta da hannu ɗaya, ta miƙo ɗayan ta karɓi ledar, ba ta ce uffan ba. Da shekara ta zagayo ta aiko a ce mana ta gode, ba ta da buƙata, alhali mun san ranar ma ba a ɗora tukunya a ɗakinta ba. Mun ciyar da ita kwana biyar, mun tozarta ta a gaban unguwar da ta yi shekara talatin tana rufa wa kanta asiri a cikinta. Kada ku maimaita wannan. Ku yi sallama, ku cire takalmi, ku zauna a inda aka nuna muku, idan ya miƙo goro ku karɓa, ku bar shi ya ba ku labarin yadda Agege take lokacin da ya sauka daga jirgi, ko da kun ji labarin sau bakwai. Wayarku ta zauna a aljihu.

A cikin hirar ne idonku zai yi aikinsa. Ku nemi ya nuna muku ledar magungunansa, domin sau da yawa za ku tarar da wanda wa'adinsa ya wuce, ko magani iri ɗaya da aka saya a kemis biyu da suna daban-daban yana shan duka biyun. Ku duba ko akwai ruwan sha a kusa da shimfiɗarsa, ko akwai tocila, ko wayarsa tana da caji da kati. Ku bi hanyar da yake bi zuwa bayan gida ku ga ko gansakuka ta kama ta, domin a daminar Legas santsi ɗaya ya isa ya karya ƙugun tsoho, kuma da yawa daga kwanciyar karaya ba sa sake tashi. Gyaran wannan hanya da kafa ƙarfen da zai riƙa riƙewa ba sa cin kuɗi mai yawa.

Abin da zan so ku fara saya da kuɗinku shi ne na'urar awon hawan jini ta zamani, ku nemi wata ma'aikaciyar jinya ta koya wa ɗaliban nan biyu yadda ake amfani da ita. Duk wanda awonsa yake kaiwa 140 bisa 90 ko sama da haka a lokuta daban-daban, a kai shi ya ga likita, kuma kada ɗayanku ya mayar da kansa likita ya ce a sha kaza. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa sai ya kayar da mutum ake sanin yana nan. Idan kuka ga baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ba a jiran gari ya waye ko a tsaya shafe-shafe, asibiti ake nufa nan take, ko a kira lambar gaggawa ta jihar, 112 ko 767. A nan masu keken cikinku za su yi rana. Rakiya zuwa asibiti ma babban aiki ne, domin dattijon da ba ya jin Turanci, Yarabancinsa kuma na ciniki ne, yana iya wuni a layi a babban asibitin Orile Agege ko asibitin koyarwa na jihar da ke Ikeja ya dawo bai fahimci abin da likita ya ce ba. Ku kuma sa ido a kan masu cewa idonsu ya mutu saboda tsufa. Da yawansu yanar ido ce, wadda ake cirewa da ɗan gajeren aiki mutum ya koma karanta Alƙur'aninsa.

Batun kuɗi kuwa, ku fara da aljihunku, kowa ya riƙa zuba abin da ba zai gagare shi ba duk Juma'a. Mai riƙe kuɗi daban, mai rubutawa daban, kuma duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, domin ƙungiyoyi nawa ne a zangunanmu zargin naira kaɗan ya tarwatsa. Idan kuɗin ya taru, ina ganin yankar wa marasa lafiyan cikinsu inshorar lafiya ta jihar, wato Ilera Eko, wadda ake biya shekara-shekara, ya fi amfani a kan taron cin abinci. Ku taimaka musu su sami lambar shaidar zama ɗan ƙasa da katin mazauna jihar Legas, domin kusan duk wata ƙofar tallafi da waɗannan takardu ake buɗe ta. Idan masu hali suka ba ku zakka, ku tuna cewa aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙididdige waɗanda ake ba wa, kuma fakirai da miskinai ne a sahun gaba. Ku ware ta daga kuɗin hidimar ƙungiya, ku nemi fatawar malamanku a kan yadda za ku sarrafa ta. Rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni tana da amfani, musamman ranar da za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, amma ku bari sai kun cika shekara kuna aiki, kun ga waɗanda suka jure. Kafin nan ku jingina da 'yan agajin masallatanku, na Izala ne ko na Fityanu, domin sun riga ku sanin hanyar asibiti da ta maƙabarta. Ɗan siyasar da ya kawo gudummawa a karɓa a yi godiya, amma kada a ba shi littafin sunayen tsofaffi.

Gwamnati ma tana da nata tanadin a rubuce. Akwai dokar 2017 da ta kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a Abuja a 2021, kuma dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da aka yi wa asusu na musamman. Ku san da waɗannan, ku riƙa tambayar haƙƙin dattawanku a ƙaramar hukuma, amma kada ku jinkirta ziyarar makon nan kuna jiran su iso lungunku.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A gidan da muke haya a Idi-Araba akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta da matarsa. Kusan shekara biyu ke nan tana mantuwa, tana kiran mutane da sunayen waɗanda suka mutu, tana cewa an sace mata kaya, wani lokaci ta ɗaura ƙunshi da dare ta ce za ta tafi gida Katsina. An fara raɗe-raɗin cewa mayya ce, yara suna tsokanarta, surukar tata kuma ta rame saboda wahala. Mu matan Islamiyyarmu me za mu iya yi? Daga wata 'yar'uwa a Idi-Araba.

AMSA: Malama, Allah ya ba ki ladan wannan tambaya. Abin da kika siffanta ya yi kama da ciwon mantuwa da ke kama ƙwaƙwalwar wasu tsofaffi, kuma ba shi da alaƙa da maita ko kaɗan. Allah da kansa ya ambaci wannan hali a aya ta 70 ta Suratun Nahli, inda ya yi maganar wanda ake mayarwa zuwa mafi raunin shekaru har ya kasance bai san komai ba bayan ya sani. Ina roƙon ki kai wa malamarku wannan aya ta karantar da ita, a kuma roƙi liman ya taɓo batun a huɗuba, domin raɗe-raɗin nan yana da haɗari. An sha ganin tsohuwa ta ɓace hanya a Legas, jama'a su kewaye ta suna kiranta mayya saboda ta kasa faɗin daga inda ta fito.

Abu na farko shi ne a kai ta asibiti, kuma kun yi sa'a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas yana nan cikin unguwarku, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Dalilin zuwa shi ne akwai ruɗewar da ciwon suga, ko ciwon mafitsara, ko wani magani da ake sha ke haddasawa, kuma irin wannan tana warkewa. Idan kuwa likita ya tabbatar ciwon mantuwa ne, gaskiya ba a warkar da shi, amma ana iya sauƙaƙa mata rayuwa ƙwarai. Duk ranar da ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya fiye da yadda aka saba, a koma asibiti a ranar.

A gida kuma, ku ɗinka mata ɗan ƙyalle a cikin rigunanta mai ɗauke da sunanta da lambar wayar ɗanta, ku sanar da mai shayi da mai kanti na bakin layi cewa idan suka gan ta ita kaɗai su tsayar da ita da hira su aiko. A kawar da ashana da kalanzir da tukunyar gas daga inda hannunta zai kai. Idan ta ce za ta Katsina kada a ce mata ƙarya take yi, kada kuma a ɗaure ta ko a kulle ta ita kaɗai. A ce, "To Inna, bari mu sha koko tukuna," a tambaye ta wa za ta tarar a can, sau da yawa kafin ta gama ba da labarin ta sauke ƙunshin. Amma babban abin da ku mata za ku yi shi ne ku ɗauke wa surukar nan nauyi. Mai jinyar irin wannan ciwo ba ta barci, ba ta zuwa biki ko ta'aziyya, kuma ita ce ake zargi da sata idan tsohuwa ta ɓoye kuɗinta ta manta. Ku raba kwanakin mako a tsakaninku, kowace ta zauna da Inna awa biyu ko uku, ita kuma ta samu ta runtsa ko ta je kasuwa. Ku riƙa tambayarta lafiyarta ita ma, domin da wuya a sami wanda ya taɓa yi.

TAMBAYA: Malam, mu 'yan kasuwar Mile 12 muna da asusun da muke biya wa tsofaffin 'yan dako kuɗin mota su koma gida. Akwai wani da ƙarfinsa ya ƙare, amma ya ƙi tafiya. Mu tilasta masa, ko mu nema masa gidan tsofaffi? Daga wani ɗan kasuwa a Mile 12.

AMSA: Alhaji, asusunku abin yabo ne, kuma da yawa sun koma cikin danginsu ta dalilinsa. Amma kada ku tilasta masa. Ku zauna da shi ku biyu, ba a gaban jama'a ba, ku ji dalilinsa. Mai yiwuwa iyayensa da sa'o'insa duk sun rasu, an raba gonar gado ba da shi ba, ko garin nasu yana cikin yankunan da 'yan bindiga suka tayar, ko kuma kunya ce ta komawa hannu rabbana bayan shekara arba'in. Na san wani da aka yi wa irin wannan alheri aka sa shi a mota, bayan wata uku sai ga shi ya dawo a bayan tirelar shanu, ya ce a can baƙo ne shi, a nan kuwa ko ba komai akwai masu kiransa da sunansa.

Gidajen tsofaffi akwai su a Legas, kamar na gwamnatin jihar da ke Yaba da na cocin Katolika da ke Mushin, sai dai gurabensu kaɗan ne, kuma dattijon da Hausa kaɗai yake sakewa da ita zai yi kaɗaici a inda ba mai yi masa hira da harshensa. Ku bar wannan ya zama mafita ta ƙarshe, ga wanda jinyarsa ta fi ƙarfinku. Idan ya zaɓi zama, kuɗin motar nan ku mayar da shi kuɗin wurin kwana, ku ba shi aikin da zai yi a zaune, kamar tsaron rumfa ko ƙirga buhuna, a riƙa sallamarsa kamar kowa. Idan kuma daga baya ya ce zai tafi, kada ku yanki tikiti sai kun yi waya da wanda zai tare shi a tasha kun ji muryarsa, ku haɗa shi da katinsa na asibiti da maganin wata biyu, ku kuma ɗora wa mutum guda a cikinku alhakin kiransa duk ranar Juma'a.